TAFIYA DA GANYEN DABINO: TARIHIN JERIN GWANON MAKON ISTA, DAGA URUSHALIMA HAR ZUWA JEGA

GABATARWA

Godiya da yabo su tabbata ga Allah Uba, wanda ya riƙe wannan ikkilisiya shekara 50 cur, ya kuma bar mu da rai har muka ga wannan rana. 

Hausawa sun ce waiwaye adon tafiya. Sa'ad da kwamitin biki ya zauna don tsara hidimomin wannan mako, matasa suka kawo shawara a buɗe bikin da jerin gwano na godiya, ana tafe ana waƙa da ganye a hannu. Nan take bakin mutane ya rabu biyu. Waɗansu dattawa suka ce wannan al'adar 'yan Katolika ce, iyayenmu na bangaskiya ba su bar mana ita ba. Matasa kuwa suka zaro wayoyinsu, suka nuna mana hotunan tsofaffin biranen Turai inda jama'a take cika tituna a makon Ista, baƙi kuma suna kashe kuɗi mai yawa su zo daga nesa don su gani da idonsu. Ɗaya daga cikinsu ya ce, "Baba, in su suna yi shekara da shekaru, mu me ya hana mu?" Wata uwa a cikin matan zumunta kuma ta yi tambayar da ta fi duka nauyi. Ta ce ko da an yarda, a ina za a yi, cikin harabar majami'a ko a kan titi?

Kwamiti ya ɗora mana nauyin bin sawun wannan al'ada tun daga tushenta, domin kada mu ƙi abu cikin rashin sani, kada kuma mu karɓe shi don kawai mun ga waɗansu suna yi. Abin da muka samu ke nan muke sawa a gabanku.

TUSHE A CIKIN LITTAFI MAI TSARKI

Tafiyar jama'ar Allah a jere da waƙa ta girmi kowace ɗarika. Dawuda ya kawo akwatin alkawari Urushalima da sowa da busar ƙaho (2 Sama'ila 6). Da aka gama gyaran garun birnin, Nehemiya ya raba mawaƙa ƙungiya biyu, kowace ta bi nata gefe a bisa garu, suka haɗu a Haikali (Nehemiya 12). Wannan ya yi kama da namu ƙwarai, gama bikin godiya ne na mutanen da suka sha wahala kafin su ga gini ya tsaya.

Amma uwar dukan jerin gwanon Ista ita ce shigar Ubangiji Urushalima a kan jaki, kwana kaɗan kafin a gicciye shi. Dukan masu bishara huɗu sun rubuta labarin (Matiyu 21, Markus 11, Luka 19, Yahaya 12). Mai karatu da natsuwa zai lura Yahaya kaɗai ya ambaci dabino. Matiyu da Markus sun yi maganar rassa da ganyaye. Luka kuwa tufafin da aka shimfiɗa a hanya ya ambata, shi ne kuma ya gaya mana Yesu ya yi kuka da ya hangi birnin. Ashe tun ran farko murna da hawaye tare suke tafiya a wannan hanya.

MATAR DA TA FARA BA DA LABARI

Kusan shekara 300 na farko, masu bi ba su da titi. A gidaje suke taruwa, sau da yawa a ɓoye saboda tsanani. Sai bayan da Sarki Kustantin na Roma ya ba da 'yancin sujada a shekarar 313, aka kuma keɓe babbar majami'ar da aka gina a wurin kabarin Ubangiji a 335, sa'an nan ikkilisiyar Urushalima ta sami damar fita fili.

Labari mafi tsufa da muke da shi na jerin gwanon Lahadin Dabino daga hannun mace ya fito. Sunanta Egeriya. Ta taso daga yammacin Turai ta yi ziyara a ƙasa mai tsarki tsakanin 381 da 384, a zamanin Bishop Siril na Urushalima, ta kuma rubuta wa 'yan'uwanta mata na gida duk abin da ta gani. Rubutun ya ɓace ɗaruruwan shekaru, sai a 1884 aka tsinci kwafinsa a wani ɗakin littattafai a garin Arezzo na Italiya. Bisa ga bayaninta, jama'a sukan taru a Dutsen Zaitun da misalin ƙarfe 1 na rana, a yi ta waƙa da karatu. Wajen ƙarfe 5 na yamma a karanta labarin shigar Ubangiji, sa'an nan kowa ya tashi a gangaro tare da bishop, kowa da reshen dabino ko na zaitun. Manyan gari ma da ƙafa suke tafiya. Yaran da ba su iya tafiya ba, iyayensu suke saɓa su a kafaɗa, su ma da ganye a hannu. Ana tafiya sannu sannu domin kada mutane su gaji, har magariba ta yi kafin a kai majami'ar kabarin.

Mu lura da abu biyu a nan. Na ɗaya, a cikin wannan bayani ba a ambaci ɗaukar wata siffa ba. Karatun Littafi ne, da waƙa, da ganye, da ƙafa. Na biyu, Egeriya baƙuwa ce. Irinta ne, masu zuwa su gani su koma gida su ba da labari, suka yaɗa al'adar zuwa ƙasashensu. Kowace ƙasa kuwa ta ɗauki ganyen da Allah ya ba ta. A Italiya zaitun, a ƙasashen sanyi rassan itatuwan wurinsu, a kudancin ƙasarmu ganyen kwakwar manja, a nan wurinmu kuwa dabino ko kaba.

HANYAR GICCIYE

Jerin gwano na biyu shi ne na ranar Jumma'a Mai Kyau, wanda 'yan'uwanmu Katolika suke kira Hanyar Gicciye. A 1342 Paparoma Kilamen na 6 ya danƙa kula da wurare masu tsarki na Urushalima a hannun 'yan Faransiskan, wato mabiyan Faransis na Asisi. Su ne suka riƙa bi da masu ziyara hanyar da ake ɗauka Ubangiji ya bi da gicciyensa, ana tsayawa wuri wuri ana addu'a. Da yake ba kowa ne yake da halin zuwa Urushalima ba, sai aka fara kafa irin waɗannan zangon a majami'u da tuddai na Turai. Yawansu ya sha bamban daga wuri zuwa wuri, har Paparoma Kilamen na 12 ya tsai da su 14 a 1731.

Ba dukan 14 ɗin ne suke cikin Littafi Mai Tsarki ba. Faɗuwar Yesu sau uku, da labarin mace mai suna Baronika da ta share masa fuska, daga al'ada suka fito. 'Yan Katolika da kansu sun san haka. A Jumma'a Mai Kyau ta 1991 Paparoma John Paul na 2 ya bi wani tsari na zango 14 wanda dukansa daga Bishara aka ɗauko.

Tun da aka kafa hukumar kula da ziyarar ibada ta Kirista a ƙasarmu a 2007, waɗansu daga cikinmu sun sami zuwa Urushalima, gani kuwa ya kori ji. Hanyar duka tsawonta wajen mita 600 ne. Zango 9 suna kan titi, 5 suna cikin majami'ar kabarin. Abin da ya ba mu mamaki shi ne, hanyar ta ratsa ta tsakiyar kasuwa a unguwar Musulmi, lungu ne matsattse kamar wanda muka sani a kasuwar Jega. Ana addu'a a nan, mai shago yana ciniki a can, ba wanda ya hana wani. Zango na farko a harabar wata makarantar Musulmi yake. Mabuɗin ƙofar majami'ar kabarin ma, ɗaruruwan shekaru ke nan yana hannun waɗansu iyalai biyu na Musulmi, ɗaya yana ajiye shi, ɗaya yana buɗe ƙofa. Mun dawo gida muna ta juya wannan a zuciya.

ME YA SA A WANNAN LOKACI NA SHEKARA?

Bayan taron shugabannin ikkilisiya a Nikiya a 325, aka daidaita a kan cewa Ista ita ce Lahadin da ta biyo bayan cikar farin wata na farko daga 21 ga Maris. Don haka a lissafin da muke bi takan faɗo tsakanin 22 ga Maris da 25 ga Afrilu. A Turai wannan ne lokacin da sanyi yake janyewa, itatuwa suna toho, ana jin daɗin yawo, shi ya sa baƙi suke tururuwa zuwa kallo. A wurinmu kuwa tsakiyar bazara ce. Zafi yakan wuce digiri 40, rijiyoyi sun ja baya, manomi yana sharar gona yana duban gabas. Su suna ganin tashin Ubangiji a cikin furanni. Mu muna tuna da ƙishirwarsa a kan gicciye da maƙogwaronmu a bushe.

BIRNIN SEBIL

Yawancin hotunan da matasanmu suka nuna mana daga Sebil suke, wani tsohon birni a kudancin Sifen wanda Larabawa suke kira Ishbiliya. Musulmi sun mulke shi fiye da shekara 500, har zuwa 1248. Doguwar hasumiyar babbar majami'ar birnin asalinta hasumiyar masallaci ce da aka gama a 1198.

A 1521 wani basarake mai suna Fadrique de Ribera, bayan ya dawo daga ziyarar Urushalima, ya fara bin Hanyar Gicciye daga gidansa zuwa bayan gari. A 1604 shugaban ikkilisiyar birnin ya ba da umarni kowace ƙungiyar zumunta ta riƙa kai tafiyarta har babbar majami'a. Daga nan tsarin da ake gani yau ya samu. Ƙungiyoyi wajen 60 suke fita tsakanin Lahadin Dabino da Lahadin Ista, kowace da ranarta da sa'arta. Waɗansu sukan yi sa'a 12 a kan hanya. Mafi girma shi ne na daren Alhamis wayewar Jumma'a, sa'ad da gari duka yake kwana a titi.

Kowace ƙungiya tana fito da dandamali na katako mai ɗauke da siffofin da aka sassaƙa na wani sashe na shan wuyar Ubangiji, ko na Maryamu uwarsa tana kuka. Waɗansu siffofin sun haura shekara 400. Nauyin dandamali ɗaya yakan wuce tan guda. Ba mota ba taya. Maza 30 ko 40 ko fiye ne suke shiga ƙarƙashi, an rufe su da labule, kowa da irin gammonsa a ƙeya, suna bin muryar mutum ɗaya da yake waje. A dā 'yan dakon tashar jirgin ruwa ake biya su ɗauka. Daga 1973 'ya'yan ƙungiyoyin suka fara karɓar dakon da kansu, kyauta. Masu tafiya a jere da dogayen huluna masu tsini da suka rufe fuska kuwa masu tuba ne. An rufe fuskar don kada a san wane ne, balle a yabe shi. Waɗansunsu ba takalmi suke tafiya.

Akwai wani abu a tarihin Sebil da ya shafe mu. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyi mafi tsufa ita ce wadda ake kira Los Negritos, wato ta baƙaƙen fata. Asalinta daga wani gidan jinƙai ne da Akbishop Gonzalo de Mena ya kafa a ƙarshen ƙarni na 14 domin 'yan Afirka da suke birnin, bayi da 'yantattu. Har tsakiyar ƙarni na 19 baƙaƙen fata ne 'ya'yanta. Mutanen da ake saye ake sayarwa sun riƙe ranarsu ta fita, sun bi titin da iyayen gijinsu suke bi. Ƙungiyar tana nan, ranar Alhamis ta makon Ista take fita.

Mai kallo yakan ga zinariya da kyandir. Abin da ba ya gani shi ne shekara guda ta shiri, da tara kuɗi, da taimakon matalauta da ƙungiyoyin suke yi, da uban da yake rubuta sunan jaririnsa a ƙungiyar da kakansa ya yi. Shi ya sa idan ruwan sama ya hana fita, kamar yadda ya faru da ƙungiyoyi da yawa a 2024, za ka ga ƙattin maza suna kuka.

TIRAPANI DA ANTIGWA

A garin Tirapani na tsibirin Sisili a Italiya, ana fita da ƙarfe 2 na rana a Jumma'a Mai Kyau, ba a komawa sai washegari, kusan sa'a 24. Dandamali 20 ne, kuma an raba su ga masu sana'a. Masunta da nasu, mahauta da nasu, haka wanzamai, da masassaƙa, da masu burodi, da masu haƙar gishiri, da maƙeran zinariya. Kowace sana'a ita take gyara nata ta kuma ɗauki nauyinsa. Duk wanda ya san yadda kasuwa take da sarkin pawa da sarkin maƙera zai gane wannan tsari ba sai an yi masa dogon bayani ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Mutanen Sifen sun kai al'adar ƙetaren teku. A Antigwa, tsohon babban birnin Gwatamala wanda girgizar ƙasa ta rushe a 1773, mazauna unguwa sukan kwana suna shimfiɗa wa titi darduma ta garin katako da aka rina da furanni. Da jerin gwano ya zo, sai ya bi ta kai ya tattake aikin dare guda cikin 'yan mintoci. Ba sa baƙin ciki, gama don haka aka yi ta. Suna tunawa ne da mutanen da suka shimfiɗa tufafinsu a gaban jakin.

ME YA SA IYAYENMU BA SU KAWO MANA BA?

Dattawan da suka ja da baya suna da tarihi a bayansu. A zamanin gyaran ikkilisiya a ƙarni na 16, masu gyara sun ga jama'a sun jingina ga siffofi da bukukuwa alhali ba su san Maganar Allah ba. A Ingila an hana jerin gwano na majami'a a 1547, a 1548 kuma aka soke ganyen dabino da tokar farkon azumi. Daga baya 'yan Anglikan da yawa sun komo da ganyen, amma mishan ɗin da suka haifi yawancin ikkilisiyoyinmu na Hausa daga wancan reshe mai sauƙin sujada suka fito. SIM ta iso ƙasarmu a 1893, UMS ta kafa tasha a Zuru a 1925. Abin da suka sa a hannunmu shi ne Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932, da littafin waƙoƙi, da ajin karatu.

A kan maganar siffofi muna nan inda iyayenmu suka tsaya (Fitowa 20:4-5). 'Yan'uwanmu Katolika suna bayyana cewa girmamawa suke yi, sujada ta Allah ce kaɗai. Mun ji bayaninsu, mun bambanta da su a nan, ba kuwa da zagi ba. Amma tafiya da waƙa ba baƙuwarmu ba ce. Wa ya manta da 'yan Sabon Rai suna shiga ƙauye da waƙa, ko 'yan Birged da gangunansu, ko matan zumunta da tulunansu na kiɗa suna raka sabon fasto gida? Mun daɗe muna yi, suna ne kawai ba mu ba shi ba.

YADDA ABIN YA ISO ƘASARMU

A 1711 waɗansu limaman Faransiskan biyu da suka taso daga Tarabulus ta Agadas suka iso Katsina, a can kuma suka rasu, ba su bar ikkilisiya ba. Sai a 1907 aka kafa mishan na Katolika a Shendam. A 1953 aka yanke yankin Sakkwato aka danƙa wa 'yan Dominikan daga Amurka, ya zama dayosis a 1964, Edward Lawton ne bishop na farko. Bayansa aka yi Michael Dempsey, da Kevin Aje, da Matthew Hassan Kukah wanda aka naɗa a 2011. Jega da Aliero da Maiyama a ƙarƙashin Sakkwato suke, Zuru da Yawuri kuwa a ƙarƙashin Kontagora. A 2023 aka ba Katsina tata dayosis, aka naɗa Gerald Mamman Musa, Bahaushe na farko da ya zama bishop na Katolika, shekara 312 bayan waɗancan baƙi biyu.

Garuruwanmu uku a kan hanya ɗaya suke, wadda ta taso daga Sakkwato ta nufi Yawuri. Kasuwar Jega, da albasar Aliero da jami'ar da aka kafa a can a 2006, da aikin gwamnati tun da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991, su suka tara masu bi daga Zuru, da kudancin Kaduna, da Filato, da kudancin ƙasa. Kowa ya zo da irin sujadarsa. Ta haka muka ga abin da maƙwabtanmu Katolika suke yi. Ran Lahadin Dabino sukan taru nesa kaɗan da ƙofar majami'a, Fada cikin jar riga ya sa wa ganye albarka, a karanta Bishara, a shiga da waƙa. Ganyen ba a yar da shi. Akan ajiye shi a gida, baɗi a ƙone a sami tokar Larabar farkon azumi. Ran Jumma'a wani saurayi yakan saɓi gicciyen katako, a tsaya sau 14, tsofaffi suna durƙusawa a ƙasa mai zafi. Babban jerin gwanonsu na Jibin Ubangiji, wanda a Turai ake yi a watan Mayu ko Yuni, a Nijeriya an mai da shi ƙarshen Nuwamba, ranar idin Almasihu Sarki, saboda damina. Su ma sun san idan kiɗa ya canza, rawa sai ta canza.

Ba zinariya, ba baƙi masu ɗaukar hoto. Amma duk wanda ya sa wannan kusa da bayanin Egeriya zai ga ya fi kama da na farkon fiye da na manyan biranen.

TITI DA MAƘWABTA

Yanzu sai tambayar uwarmu ta zumunta. Mutanen ƙasarmu sun san jerin gwano. Muna ganin hawan salla, muna ganin zagayen Maulidi, mun kuma san yadda baƙi suke zuwa Argungu kallon bikin kamun kifi wanda ya samo asali a 1934. Amma mun san titi yana da haɗari. A watan Maris na 1986 rikici ya tashi a Ilori a kan jerin gwanon Kirista a lokacin Ista. A daren Ista na 2019 mota ta afka wa jerin gwanon yaran Birged a Gombe, yara da dama suka rasu. Ba mu manta ba, bai kuwa kamata mu manta ba.

Su ma manyan biranen ba kullum suke samun titi ba. A 2020 da 2021 annobar korona ta hana Sebil fita, abin da rabon a gani tun 1933. Ƙungiyoyin ba su mutu ba. Sun yi addu'a a cikin majami'unsu, da hanya ta buɗe suka fito. Ikkilisiyar farko ma ta yi kusan shekara 300 a cikin gidaje, a cikin waɗannan shekaru ne kuwa bishara ta ratsa daular Roma. Wannan ya nuna mana jerin gwano shaida ce mai kyau, amma ran ikkilisiya bai rataya a kansa ba.

SHAWARARMU

Bisa ga abin da muka gani, muna ba da shawara a yi jerin gwanon godiya, a yi shi kuma irin na farko: karatun Maganar Allah, waƙa, ganye, da ƙafa. A tafi sannu domin tsofaffin da suka ɗebo ruwa da yashi sa'ad da ake ginin majami'ar nan su iya bi. Su ne za su shiga gaba. A saɓa yara a kafaɗa, a kuma gaya musu dalilin ganyen da yake hannunsu, gama yaron da ya riƙe ganye bai san labarinsa ba, ɗan kallo ne kawai. A raba aikin kamar yadda mutanen Tirapani suka raba, matan zumunta da nasu, matasa da nasu, mawaƙa da nasu. Kada a fita don a nuna yawa ko a tsone wa wani ido. Wanda muke bi a kan jaki ya shiga birni, ba a kan dokin yaƙi ba.

Kafin a taka titi, dattawa su je su gai da mai unguwa da hakimi, su sanar da jami'an tsaro, a kuma kauce wa ƙofar masallaci a lokacin salla. In an ga lokaci bai yi ba, a zagaya cikin haraba da farin ciki, ba abin da ya ragu. Zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.

KAMMALAWA

Ƙaunatattu, abin da yake jan baƙi zuwa Sebil da Tirapani ba a shekara ɗaya aka gina shi ba. Talakawa ne, 'yan dako da masunta da bayi, suka miƙa wa 'ya'yansu, 'ya'yan suka miƙa wa jikoki. Mu shekara 50 muka yi. Waɗanda suka fara wannan tafiya da yawa sun riga mu zuwa wurin Ubangiji. Yaran da za mu saɓa a kafaɗa a wannan mako, waɗansunsu za su ga bikin shekara 100, su ne kuma za su faɗi abin da muka sa a hannunsu.

Allah wanda ya bi da iyayenmu ya bi da mu. Ya ba Jega da Aliero da Maiyama da dukan Jihar Kebbi salama. Ya sa mu gama tafiyarmu da aminci, har mu tsaya tare da babban taron nan na kowace kabila da harshe, masu ganyen dabino a hannu, a gaban kursiyinsa (Wahayin Yahaya 7:9). Amin.